Shirya Bikin Auren Masu Keken Guragu: Darasi Domin Iyaye, Dangi da Shugabannin Unguwa

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin iyaye da dangi, da abokan ango da ƙawayen amarya, da kuma masu unguwanni da limamai da fastoci, waɗanda hidimar aure kan faɗo wa a wuya. Abin da ya ƙunsa shi ne yadda za a tsara biki idan ango da amarya dukansu da keken guragu suke tafiya. An ɗauki Tumfure a matsayin misali, watau unguwar nan da ke bakin garin Gombe a kan hanyar Bauchi, cikin Ƙaramar Hukumar Akko. Amma abin da aka faɗa game da ita ya shafi kowace unguwa mai kama da ita.

Manufar darasin guda ce. Duk inda al'ada ta ce ango ko amarya su je, tun daga wurin kamu har ɗakin amarya, a gyara wurin yadda za su isa a kan kekensu, ba tare da an cicciɓe su kamar kaya ba, ba kuma tare da sun sauka sun ja jiki a ƙasa cikin tufafin biki ba. Sau da yawa akan kashe dukiya wajen anko da abinci da makaɗa, sa'an nan a ranar biki a tarar matakala uku sun tsare amarya a ƙofar zauren da aka kama dominta. Ba rashin kuɗi ne ke jawo haka ba, rashin awo ne tun da wuri.

Abin da Ya Kamata a Fara Sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin kowane 100 na buƙatar keken guragu. A arewacin Nijeriya da yawa daga cikinsu cutar shan inna ce ta shanye musu ƙafafu tun suna yara, wasu kuma haɗarin mota ne ko faɗuwa ya taɓa musu laka. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan an ga na ƙarshe da ta kama a Jihar Borno cikin 2016. Rigakafin yara bai tsaya ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Amma waɗanda cutar ta riga ta shafa a shekarun baya yanzu sun girma, suna sana'a, suna neman aure kamar kowa.

Akan sami dangin da ke ja da baya saboda tsoron kada 'ya'yan da za a haifa su gaji gurguntaka. Wannan tsoro ba shi da tushe. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba a gadonta, haka nan ba a gadon raunin laka. Mata da yawa masu keke suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, sai dai lalle ne su riƙa zuwa awo, su kuma haihu a asibiti. Gwajin jini da akan yi kafin aure, na sikila da na ƙanjamau, ya hau kansu kamar yadda ya hau kan kowa, kuma a wannan zuwa ne ya dace su nemi shawarar likita a kan abin da ya shafi jikinsu. Ana samun irin wannan shawara a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Ta fuskar doka kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 domin naƙasassu, sa'an nan cikin 2006 ta zartar da yarjejeniyar kare haƙƙinsu, wadda Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da ita cikin 2010. Sashe na 23 na yarjejeniyar ya tabbatar musu da 'yancin yin aure da kafa iyali bisa yardarsu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018. Dokar ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar naira 1,000,000 ga kamfani. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda masu keke za su iya amfani da su, wa'adin da ya cika a watan Janairu na 2024. Saboda haka wanda ya tambayi mai zauren biki hanyar keke ba alfarma ya roƙa ba.

A Fara da Tambayar Masu Auren

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sa rana, a zauna da ango da amarya, kowanne dabam, a tambaye su abin da suke iya yi da kansu da abin da suke son a taimaka musu. Buƙatunsu ba lalle su zo ɗaya ba. Wanda shan inna ta shafa yana jin taɓi da zafi a ƙafafunsa, kuma sau da yawa hannuwansa na da ƙarfi ƙwarai. Wanda ya sami rauni a laka kuwa mai yiwuwa ba ya jin kome daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma zafin rana ya fi yi masa illa.

Kekunan ma iri biyu ne. Akwai mai ƙafa huɗu wanda ake turawa da hannu a jikin taya, yawancinsa kuma ana naɗe shi. Akwai kuma mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da feda ta hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa a Kano da Jos da sauran garuruwa. Na biyun ya fi jure wa hanyar ƙasa, amma yana da tsawo, ba ya naɗuwa, kuma ba ya juyawa cikin ɗaki. Idan wannan kaɗai ango ko amarya ke da shi, to a nemo mai ƙafa huɗu tun da wuri, aro ko saye, a kuma gwada shi kwanaki kafin biki. Sarkin Guragu na gari da reshen ƙungiyar naƙasassu ta jiha sukan san inda ake samu.

Daga nan sai kowane ɓangare ya naɗa mutum ɗaya mai kula da hanya, namiji a wajen ango, mace a wajen amarya. Aikinsa ke nan kurum, kada a haɗa masa da rabon abinci ko tarbar baƙi.

Awo

Kayan aikin mai kula da hanya su ne tef na awo irin na tela ko na birkila, da takarda da alƙalami. Ga ma'aunan da zai riƙe:

1. Faɗin keke mai ƙafa huɗu yakan kama daga santimita 60 zuwa 70. Saboda haka ƙofa tana buƙatar santimita 90, kada kuma ta gaza 80 idan an buɗe ta.

2. Keke na buƙatar fili mai faɗin santimita 150 ta kowane gefe kafin ya juya.

3. Kekuna biyu da za su jera, ko su wuce juna, suna buƙatar hanya mai faɗin santimita 180.

4. Gangaren da za a yi a madadin matakala, kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo.

5. Tebur ya kasance da sararin kimanin santimita 70 a ƙarƙashinsa, domin gwiwa ta shige.

Ma'auni na huɗu shi aka fi yin kuskure a kansa. A ɗauka ƙofar zauren biki tana da matakala 3, kowace tsayinta santimita 15. Jimla 45 ke nan. Idan aka ninka 45 sau 12 za a sami santimita 540, watau gangare mai tsawon mita 5 da santimita 40. Dokin ƙofa mai tsayin santimita 10 yana buƙatar gangaren santimita 120. Dandamalin da ya kai santimita 60 kuwa sai an yi masa gangaren da ya wuce mita 7. Gajeren katakon da akan jingina a kan matakala da safiyar biki ba gangare ba ne, tarko ne, domin keke na iya kifewa ta baya.

Gangaren wucin gadi kafinta na iya yinsa da katako mai kauri, faɗinsa mita 1, da ɗan baki a kowane gefe don kada taya ta zame, a kuma kafe shi ƙasa sosai. Na gidan da za a zauna kuwa a yi na siminti, a bar fuskarsa da kaushi, kada a sa masa tayil mai santsi.

Lokaci da Wuri

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, gari ya yi ta faɗaɗa, Tumfure kuwa tana cikin unguwannin da suka cika da sababbin gidaje. Babban titi kwalta ne, amma da an ratse akwai layukan da har yanzu na ƙasa ne. Ƙasar Gombe tana da yashi, kuma zaizaya ta daɗe tana damun garin, shi ya sa magina kan ɗaga daɓen gida su yi dokin ƙofa mai tsayi saboda ruwa. Ƙananan tayoyin gaban keke suna nutsewa cikin yashi, suna kuma maƙalewa a bakin kwata.

Don haka a yi la'akari da yanayi wajen sa rana. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ya fi ƙarfi, layin da aka auna jiya yana iya zama kwari gobe. Maris da Afrilu kuma zafi ne mai tsanani. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi sauƙi. Idan dole ta sa aka yi biki da bazara, a yi taro da safe ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa, da ruwan sha kusa.

Game da wuri, mai kula da hanya ya bi tafiyar da ƙafarsa, tun daga inda mota za ta tsaya har inda za a zauna, sa'an nan daga nan zuwa makewayi. Ya fi kyau ya tafi da keken kansa ya tura shi. Kada a dogara da maganar waya, domin wanda bai taɓa tura keke ba yakan ce wurinsa ba matakala alhali akwai guda biyu da idonsa ya saba da su. Idan zauren haya bai dace ba, filin makaranta ko ƙofar gida mai daɓe ya fi shi. Inda yashi ya yi yawa a zuba jar ƙasa a yayyafa ruwa a daɓe, a kuma rufe kwata da murfin siminti ko katako mai ƙarfi.

Makewayi shi ne abin da aka fi jin kunyar ambata, shi ne kuma ya fi hana masu keke sakewa a taro. Wasu sukan ƙi ci su ƙi sha tun safe saboda shi, wannan kuwa cutarwa ce. Masai na tsuguno ba ya yi musu. A tanadi na zama, ko kujera mai rami wadda ake ɗorawa a kan na tsuguno, da ƙarfen kamawa a bango, da ƙofar da ke buɗewa waje.

Matakan Biki

Kamu da sa lalle. Hannuwan amarya su ne ƙafafunta. Da zarar an sa mata lalle ba ta iya taɓa taya sai ya kama. Saboda haka ta gama uzurinta tukuna, a yi hannu ɗaya bayan ɗaya idan ta fi son haka, ƙawa ɗaya kuma ta zauna tare da ita. Masu gyaran jiki su kiyaye ƙwarai da kaskon turare da ruwan zafi da halawa idan amarya ba ta jin taɓi a ƙafafunta, domin tana iya ƙonewa ba ta sani ba, irin wannan ƙuna kuwa tana daɗewa ba ta warke ba.

Ɗinki. Tela ya auna su a zaune cikin keke. Hannun babbar riga da bakin mayafi da doguwar rigar amarya suna shiga cikin taya. A rage tsawo, kuma kada a sa duwatsu ko aiki mai kauri a bayan riga da mazauni.

Ɗaurin aure. A wajen Musulmi waliyyin amarya da wakilin ango da shaidu ne ke zama, a ambaci sadaki, amarya kuwa tana gida. Amma ango yana da sha'awar ya halarci nasa, ya gaisa da jama'a. A sami liman tun da sauran kwanaki a shirya da shi, ko a goge tayoyi a shimfiɗa abin da keke zai bi, ko a ɗaura a harabar masallaci, ko a ƙofar gidan waliyyi kamar yadda aka saba a wurare da yawa. A wajen Kirista, a auna hanyar tsakiyar coci, a kuma roƙi fasto ya sauko daga kan dandamali ya ɗaura a ƙasa. Masu yin auren rajista su tuna ana liƙa sanarwa ta kwana 21, don haka zuwan farko ofis dama ce ta duba ƙofarsa.

Walima da wuni. Ya fi sauƙi a bar dandamali gaba ɗaya, a ƙawata wuri a ƙasa. A tambayi ango da amarya ko za su zauna a kekensu ko za su koma kujerar ado, kada a yanke musu. Idan sun koma kujera, keke ya tsaya kusa da su, kada a kai shi bayan rumfa don hoto ya yi kyau. Abokansu da yawa za su zo da kekuna, to a bar musu gurabe cikin jama'a, kada a ware su a lungu guda. A ɗaga wayoyin lasifika da na janareta daga hanya. Wajen rawa jama'a kan yi wa ango da amarya zobe, wanda ke zaune kuwa iska kan yanke masa. A sa faranti a gaba kowa ya ajiye gudummawarsa. Dama dai dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da watsa naira.

Kai amarya. Ƙaramar mota ta fi doguwar jif sauƙin shiga. Keken amarya ya tafi cikin motar da take ciki, domin idan ya bi wata motar aka yi rashin sa'a ta makara, amarya za ta zauna jiran ƙafafunta a gaban dangin miji. Mai ƙafa uku a sa shi a a-kori-kura. Tun da za a lulluɓe mata fuska, gwaggo ko yaya guda ce za ta tura ta, tana gaya mata abin da ke gaba. A bar fitila a ƙofar gida.

Ɗakin Amarya

Biki kwana kaɗan ne, zama kuwa na shekaru. A gidan da mutum ɗaya ne mai keke, ɗayan na iya miƙo abin da ya yi nisa. Inda su biyu ne, ba mai ɗaga wani, saboda haka dole gidan ya dace da su tun ranar farko. Idan na haya ne, a nemi iznin mai gida a rubuce kafin a fasa dokin ƙofa.

Masu jere su lura da wannan lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 faɗinsa kimanin santimita 360 ne. Gado mai ƙafa 6 ya cinye 180. Saura 180, watau 90 a kowane gefe, daidai wurin keke ɗaya ɗaya. A wajen ƙafar gado za a sami kimanin 160, wanda ya isa juyawa muddin ba a sa kome ba. Da an dasa kabad mai zurfin santimita 60 a nan, wurin juyawa ya tafi. Don haka ko dai a sayi gado mai ƙafa 4 da rabi, ko a rage kayan ɗaki. Iyayen amarya kada su ga wannan kamar gazawa ce a idon dangin miji.

Tsayin gado da katifarsa ya yi daidai da mazaunin keke, kimanin santimita 50. A guji kafet mai kauri. Makunnin lantarki da sakatar ƙofa da rataya kada su wuce santimita 120 daga ƙasa. A ɗora abin girki a kan tebur mai sarari a ƙarƙashi, kada kuma a riƙa ɗauko tukunya mai zafi a kan cinya sai da faranti na katako. Randa ko durom ya kasance da famfo a ƙasa, igiyar shanya kuma a sassauto da ita.

Lafiya da Ladabi

Dogon zama wuri ɗaya yana jawo gyambo a mazauni, musamman ga mai raunin laka. Ana so ya riƙa ɗaga jiki ko karkatawa bayan kowane minti 15 zuwa 30, ya kuma sami lokacin kishingiɗa tsakanin taro da taro. Kada a haɗa ɗaurin aure da walima da wuni da kai amarya a rana guda ba hutu.

Keke kamar jikin mai shi ne. Ba a jingina da shi, ba a rataya masa jaka, ba a barin yara su yi wasa da shi, ba a kuma tura shi sai an nemi izni. Ya isa a ce, "Ango, a taimaka, ko ka fi so ka tuƙa da kanka?" Mai doguwar magana da su ya jawo kujera ya zauna. Sanƙira da maroƙa da masu jawabi su yi addu'a da fatan alheri irin na kowane aure, su bar kalaman tausayi, domin ba jaje aka zo ba.

Jadawalin Aiki

Wata 3 kafin biki: zama da masu auren, naɗa masu kula da hanya, zuwa asibiti, duba gidan da za a zauna.

Wata 1 kafin biki: gama aikin birkila da kafinta, ganin liman ko fasto, kai ɗinki.

Mako 1 kafin biki: ango da amarya su gwada kowace hanya da kansu, a kai kekuna wurin mai gyara ya duba birki da taya.

Jajibere: a sake duba layi idan an yi ruwa, a tanadi famfon iska da kayan faci.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Birkilan unguwa da kafinta da mai walda da matasa suna iya gama yawancin wannan aiki cikin kwanaki kaɗan, kuɗinsa kuma ana iya fitar da shi ta rage taro guda daga cikin tarukan biki. Gangaren da aka gina ba ya tashi bayan an watse. Tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya duk za su amfana da shi, masallaci ko cocin da aka gyara kuma ya gyaru ke nan. Ana roƙon masu unguwanni da shugabannin addini su karanta wa jama'arsu wannan darasi, su kuma riƙa tambayar masu ginin zauren taro inda hanyar keke take tun ana aza harsashi.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Ƙofar wani gida tana da matakala 2, kowace santimita 18. Nawa ne tsawon gangaren da ake buƙata?

2. Me ya sa bai kamata keken amarya ya bi wata mota dabam ba?

3. Wace amsa za a ba dangin da ke tsoron a gaji shan inna?

4. A auna ƙofar masallaci ko coci ko makarantar unguwa. Keke zai iya shiga? Idan ba zai iya ba, wa ya kamata a gaya wa?